Bakano a Bahar Maliya

Jirgin da ya ɗauke ni daga filin Malam Aminu Kano, in ka cire ni da wasu 'yan kasuwa da ba su taka kara sun karya ba, kowa a ciki Umra za shi. Tun a layin auna kaya wata dattijuwa ta kama hannun rigata ta ce ɗan nan riƙe min fasfo ɗina kar ya faɗi, shi kenan na zama ɗanta har Jidda, ni ne cike mata takarda ni ne ɗaura mata bel ni ne buɗe mata robar abinci. Da ta ga maza sun fara shiga banɗaki suna fitowa da harami ni kuma ina zaune da riga da wando sai ta ce kai ba za ka ɗaura ba ne, na ce Inna ni makaranta za ni, ta ce Madina? Na ce a'a karatun teku ne. Ta ɗan jima tana kallona sannan ta ce to Allah ya kyauta, ba ta sake tayar da maganar ba har muka sauka.

Wannan kallon na riga na sha shi a Gwale har na ƙoshi. A majalisarmu tun kafin biza ta fito suka raɗa min Daktan Kifi, wani ya ce mutumin da ko kududdufi bai taɓa shiga ba wai shi ne zai yi digirin digirgir a kan teku, wani ya ce in dai ruwa nake son gani ai Tiga ba ta da nisa, kuɗin mota ma zai biya min.

Ni dai fiziks na karanta a digirin farko, a mastas kuma na yi aiki a kan faɗuwar damina, wato me ya sa wata shekarar ruwa yake zama tun watan Yuni wata kuma manomi sai ya yi ta shuka iri yana ƙonewa a ƙasa. Abin da ya dinga ba ni mamaki duk takardar da na buɗe sai ta ja ni ta kai ni teku. Farin da ya ƙarar da shanu daga 1972 zuwa 1974, da wanda ya biyo baya a 1983 da 1984 wanda iyayenmu har yau suke ba da labarinsa, da farko laifin an ɗora shi a kan makiyaya da masu saran itace, wai su suka cinye daji ruwa ya ɗauke. Sai wasu masu bincike a Ingila suka nuna a 1986 cewa zafin saman teku ne yake jan akalar abin, wasu kuma a Amurka suka ƙara ƙarfafa maganar a 2003. In kudancin Atlantika da Tekun Indiya suka ɗumama fiye da arewacin Atlantika, iskar da take kawo mana ruwa ba ta iya hawowa arewa sosai, sai ta tsaya can ƙasa mu kuma mu yi ta kallon sama. Malamin da ya duba min aikin, Allah ya saka masa, shi ya ce min Malam tambayarka ta fi ƙarfin ma'aunin ruwan sama, ka bi ruwan nan inda ya fito.

A gida Najeriya akwai inda ake karatun, Jami'ar Legas tana da sashen, Kalaba tana da cibiya, akwai a Akure, ga kuma cibiyar binciken teku ta tarayya a Legas da aka kafa tun 1975. Amma ni abin da nake so na'urori ne masu nutsewa su auna ruwa da kansu, kuma ba ni da kuɗin ɗaukar nauyin kaina ko a ina ne, don haka na shiga rubuta wa farfesoshi imel a Jamus da Ingila da Afirka ta Kudu da Saudiyya. Yawancinsu shiru kake ji. Wanda ya amsa da gaske yana Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Sarki Abdallah, wadda aka fi sani da KAUST, a wani gari Thuwal da ke bakin Bahar Maliya. An buɗe ta a 2009, ba a digirin farko a can sai mastas da na digirgir, da Turanci ake koyarwa, kuma wanda duk aka ɗauka an ɗauke masa kuɗin makaranta da ɗaki da asibiti ga alawus duk wata. Kar wanda ya tambaye ni nawa ne alawus ɗin, 'yan uwa suna karanta abin da nake rubutawa.

Intabiyu a shagon wani abokina na yi ta wajen Zoo Road saboda an ɗauke mana wuta tun dare, janareta yana ta ruri a bayana, na sa babbar riga a sama ƙasa kuma silifas. Farfesan ya tambaye ni in iska tana kaɗawa a gefen gaɓa ina ruwan saman teku yake nufa, na ce ba ya bin iskar kai tsaye, juyawar duniya tana karkatar da shi, a arewacin duniya zuwa dama a kudanci zuwa hagu. Ya ce madalla, ka taɓa shiga jirgin ruwa? Na ce na taɓa shiga kwale-kwale a Wudil. Ya yi dariya har da buga tebur, ni kuma na fito ina ganin shi kenan na rasa. Ashe ba haka ba.

Hajiya ce aiki. Ita ruwa a wajenta ba abin wasa ba ne, mutanen ruwa take tsoro, tun muna yara in ta ji an ce an gan mu a bakin kududdufi ranar sai mun kwana da zanen bulala. Kwanaki ba ta ce e ba ba ta ce a'a ba. Kawu ne ya zo ya zauna ya tuna mata cewa kakansu ai da ƙafa ya tafi hajji, ya bi ta Borno ya ratsa Chadi ya shiga Sudan yana tafiya yana tsayawa yana ƙwadago a gonakin auduga har ya kai Sawakin, daga nan ya hau jirgin ruwa ya ƙetare wannan Bahar Maliyar zuwa Jidda, shekaru ya yi kafin ya dawo. Ya ce Yaya ruwan da ya ɗauki kakanmu lafiya shi zai ɗauki jikansa. Ta ce wurin kusa da Makka ne? Na ce Hajiya awa biyu ma ba za a yi ba a mota. A nan fuskarta ta saki. Daren tafiya ta ƙulle min kuka da kuɓewa busasshiya da daddawa da yaji, leda cikin leda cikin leda, ta ce ban da shiga ruwa da magariba.

Mun bar Kano damina ta yi kyau ko'ina kore, can gaba sai rairayi, rairayi har ido ya gaji na yi barci. Inna ce ta tashe ni wai in duba mata ko mun iso, na leƙa taga sai ga ruwa shuɗi mai duhu, kusa da gaɓa kuma ya koma wani kore-kore mai haske da zane-zane a ciki, daga baya na san murjani ne. Ganina na farko kenan da teku, ta tagar jirgi da kan wata tsohuwa a kafaɗata.

Ina fita daga filin jirgin Jidda gilashina ya yi hazo. Mu a Kano mun san zafi, mun san watan Afrilu, amma namu busasshe ne, wannan kuwa jiƙaƙƙe ne yana manne maka a jiki. Mota ta ɗauke ni muka yi arewa wajen kilomita 80, hanya santal, sai ga get. Cikin makarantar gari ne guda, masallaci babba, kanti, makarantar yara, bas kyauta, 'yan Sin da Indiya da Masar da Meziko da Italiya kowa da jakarsa a baya, ga wata doguwar hasumiya a bakin ruwa, ga itatuwan da suke tsirowa a cikin ruwan gishiri saiwoyinsu a tsattsaye sun leƙo daga taɓo. Ba zan tsaya a kan gine-gine ba, hotunansu suna intanet.

Abu na farko da aka ce min shi ne ba mai hawa jirgin bincike sai ya yi horon ceton kai. Don haka gardi da gemu na shiga koyon iyo a gefen da yara 'yan firamare suke, suna wuce ni suna waige. Na sha ruwan wurin ba kaɗan ba. Amma na iya, har na kai ana jefa mu da rigar ceto mu kifa kwale-kwalen roba mu hau.

Fitarmu ta farko da asuba muka tashi, kafin hantsi gaɓa ta ɓace, kafin azahar ni kuma na ɓace, ina kwance a gefen jirgi na amayar da abin da na ci har da wanda ban ci ba. Wani ma'aikacin jirgi ɗan Filifin ya ba ni busasshen biskit ya ce in daina kallon ƙasa in kalli inda sama ta haɗu da ruwa, kuma wallahi ya yi amfani. Sallah ma sai da na sake koyo, ni da na tashi na san alƙibla gabas ce nan ta koma kudu maso gabas, ka kabbara kana kallonta kafin ka yi ruku'u kyaftin ya juya jirgi. Alwala dai ba matsala, tun a makarantar allo aka karantar da mu cewa ruwan teku mai tsarki ne mushensa kuma halal, ban taɓa zaton zan yi aiki da wannan karatun ba.

Babbar na'urar da muke saukarwa muna ce mata CTD. Ƙarfe ne zagayayye ya kai tsayin mutum, an jera masa dogayen gorunan roba masu ruwan toka a tsaye, kamar dai kurar mai ruwa da jarkokinta sai dai ita a zagaye take, a ƙasanta kuma ga ma'aunan zafi da gishiri da zurfi. Kowace gora a buɗe take sama da ƙasa, an ɗana murafunta da zare. Winci, wato injin naɗe igiya, yana sakin ta a hankali, wajen mita ɗaya a daƙiƙa, waya tana cikin igiyar ƙarfen tana kawo mana karatu, mu kuma muna ɗaki mai sanyi muna kallon layuka suna sauka a allon kwamfuta. In za a hawo da ita sai a dinga tsayawa a zurfin da ake so, ka danna maɓalli gora ɗaya ta rufe ta kamo ruwan wurin. Ranar an ba ni dannawa, hannuna har rawa yake.

To ga abin da ya kama ni. A sama zafin ruwan yana wajen digiri 30, yana sauka yana sauka, da aka wuce mita ɗari biyu zuwa uku sai layin ya miƙe a wajen 21 da rabi ya ƙi motsi har muka wuce mita 1,000. Da na'urar ta hawo na buɗe famfon gorar da ta fi zurfi ruwan ya zubo min a hannu, ba sanyi ko kaɗan. Wata 'yar Jamus da ta yi aiki a Atlantika ta ce a can ruwan irin wannan zurfin sai ya sa yatsunka ciwo, don can ƙasa sosai digiri 2 zuwa 4 ne. Dalilin shi ne ƙofar Bahar Maliya ta kudu, wajen Babul Mandab tsakanin Yaman da Jibuti, akwai tudu a ƙarƙashin ruwa wanda zurfinsa bai kai mita 150 ba, shi ya tare ruwan sanyin Tekun Indiya ya hana shi shigowa. Ruwan da ke ƙasan a cikin gida ake yin sa, can arewa wajen Suwez da Aƙaba, in hunturu ya zo ruwan sama-sama ya ɗan huce ga gishiri ya yi masa yawa sai ya yi nauyi ya nutse ya gangaro kudu ta ƙasa.

Gishirin kuwa ba a magana. Yawancin tekuna giram 35 ne a kowace lita, nan 40 ne har da ɗoriya, saboda rana tana shanye kusan mita 2 na ruwan duk shekara, ruwan sama ba wani abin kirki, kuma duk tsawon tekun nan sama da kilomita 2,000 babu kogi ko ɗaya da yake zuba a cikinsa shekara a zagaye. Na tuna namu, Challawa da Kogin Kano su haɗu su wuce Wudil su yi Haɗeja su yi Yobe, abin da ya tsira ya faɗa Tafkin Chadi, ɗigo ɗaya ba ya zuwa teku. Na gaya wa 'yar Jamus ɗin ta ce to kai ka zo daidai wurinka.

Akwai wani wasa da ake yi wa sabon shiga, a ba ka kofin soso irin na shan shayi ka yi rubutu a jiki a sa a raga a ɗaure a jikin na'urar. Kowace mita 10 da ka nutsa danniyar ruwa tana ƙaruwa da kwatankwacin nauyin duk iskar da ke kanmu, a mita 1,000 ana maganar kilo 100 a kan wurin da bai fi farcen yatsa ba. Na rubuta Gwale a nawa da jan biro. Ya dawo ɗan mitsitsi ya yi tauri, rubutun ya tsuke amma ana karantawa, yanzu haka yana hannun 'yar yayata tana yi wa 'yartsana shayi da shi.

Can tsakiyar tekun kuma akwai ramuka masu wani irin ruwa da ban taɓa jin labarinsa ba sai da na zo. Ƙasar Larabawa tana rabuwa da Afirka wajen santimita ɗaya a shekara, ta tsagar nan zafi yake fitowa, ruwa ya narkar da tsohon gishirin da ke binne ya taru a rami ya zama tafki a ƙarƙashin teku, ya yi nauyin da ba ya gauraya da na samansa. Mafi shahara shi ne Atlantis II, sunan jirgin binciken Amurka da ya yi aiki a wurin a shekarun 1960 aka sa masa, zurfinsa ya wuce mita 2,000, zafinsa ya haura digiri 60, gishirinsa kusan ninki bakwai na sauran teku, taɓon ƙasansa kuma akwai tutiya da tagulla da azurfa har da zinare. Da na ba da wannan labarin a majalisa nan take aka daina ce min Daktan Kifi aka fara tambayar yadda za a shiga harkar.

Nawa aikin a kan gilaida ne. Wata na'ura ce doguwa mai fukafukai, tsawonta ya ɗan ɗara na mutum, ba ta da farfela ba ta da inji. Wata jaka ce a jikinta, in ta tura mai cikin jakar sai ta kumbura na'urar ta taso, in ta janye man sai ta nutse, fukafukan su mayar da hawa da saukar nan su zama tafiya gaba. A rana da ƙyar take cin kilomita 20 zuwa 25, amma tana iya watanni a ruwa da batir ɗaya tana nutsewa har mita 1,000, duk bayan 'yan awoyi ta leƙo ta ɗaga wutsiya ta kira tauraron ɗan adam ta turo abin da ta auna ta karɓi sabon umarni. Da ita muke bin wasu manyan juyin ruwa da suke kewaya a tekun, faɗin ɗaya ya kai kilomita ɗari ko fiye, su suke ɗaukar zafi da gishiri da abincin kifi daga wannan gaɓa zuwa waccan. Kuma dole wani ya kwana da waya a kusa, don hanyar manyan jiragen dakon kaya ce, in ta leƙo a gaban ɗaya daga cikinsu an yi asarar kuɗin da ban isa in faɗa ba. Akwai daren da ta yi jinkirin kira, na zauna a gaban kwamfuta ina ta salati har aka kira assalatu sannan ta leƙo lafiya lau, ruwa ne ya ja ta gefe.

Amma kar hotunan jirgi su ruɗi kowa. Fita teku ɗan taƙi ne a cikin shekara, sauran duk zaman kujera ne, kai da Python, yaren rubuta manhaja, da lissafi, ma'auni ɗaya ya ɗan kauce ka yi watanni kana gyaran alƙaluma, ka kai wa farfesa zane ya kalla ya ce ban yarda ba sake. Ga jarrabawar cancanta da sai ka haye ta kafin a ɗauke ka ɗalibin digirgir na sosai, ga kare tsarin bincike a gaban kwamiti, abu ne na shekara huɗu ko fiye. Ga kaɗaici, mutum ya tashi a gidan da ba a rufe ƙofa ya koma ɗakin da in bai fita ba ba mai sallama. Abin da yake riƙe ni Juma'a da Asabar ne, in hau jirgin ƙasan Haramain a tashar da ke kusa da mu in yi Makka ko Madina, ko in shiga Jidda wajen Hausawan da aka haifi kakanninsu a can in ci tuwo da miyar kuka ana Hausa ana sirka Larabci. Sai dai kuma na zama ofishin alhazai, duk wanda ya zo Umra daga unguwarmu da lambata yake sauka.

Yanzu ina Kano hutu, kuma muhawarar da ta fi min daɗi da Kawu na yi ta a ƙofar gida bayan la'asar. Na ce masa ruwan da yake sauka a gonarsa ta Dawakin Kudu daga teku yake. Ya ce yaro, na fi shekara hamsin ina noma, hadari daga gabas yake tasowa, kai kuma ka ce teku tana kudu, to wanne zan ɗauka, idona ko takardarka? Na ce Kawu idonka ya yi gaskiya, amma in tambaye ka, da damina in gari ya waye ba hadari iska daga ina take busowa? Ya yi shiru ya ce daga kudu ta yamma-yamma. Na ce to ita ce mai ɗauko laimar daga tekun da ke ƙasan Legas da Gana, a ƙasa-ƙasa take tafiya, in rana ta gasa ƙasa laimar ta hau sama ta zama gajimare, can sama kuma wajen kilomita 3 akwai wata iskar mai ƙarfi da take tahowa daga gabas, ita take turo hadarin ya zo mana ta gabas ya wuce yamma. Ya jinjina kai ya ce to amma dai Allah ne mai saukar da ruwa. Na ce haƙƙun Kawu, mu hanyar da Ya bi da shi kawai muke leƙe. Ya ce to wannan na yarda, ya miƙo min goro.

Kuma ba karɓa kawai muke ba, muna aikawa. Hazon hunturun nan da yake hana jirgi sauka a Kano, mafi yawansa daga wani busasshen kwari yake tasowa a arewacin Chadi da ake kira Bodele, tsohon gindin tafki ne, ƙurar tana wuce mu ta faɗa Atlantika da sinadarin ƙarfe da fosfaras a cikinta, ƙananan tsirran da ido ba ya gani su samu taki, kifi ya ci su. Kifin ƙanƙarar da ake soyawa a bakin titi da daddare ma ai ba daga Wudil yake ba, wani daga ruwan arewacin Turai wani daga gaɓar Muritaniya, inda iska take ture ruwan saman teku daga gaɓa na ƙasa mai sanyi da taki ya taso, tambayar da aka yi min a intabiyu kenan ashe a faranti take.

Abokina na Kantin Kwari shi da kansa ya kawo nasa misalin, ya ce ka tuna azumin 2024 ranar da tiransifa ta ƙi tafiya POS ya tsaya kwastoma suna tsaye da kaya a hannu? Ranar 14 ga Maris ce, wayoyin intanet huɗu na ƙarƙashin teku suka yanke a wajen gaɓar Kwaddibuwa, WACS da ACE da MainOne da SAT-3, kuma masu MainOne sun ce alamu sun nuna motsin ƙasa ne a gindin teku. Gyaran sai da aka turo jirgi na musamman ya lalubo wayar a zurfin kilomitoci ya ɗago ta. Gindin tekun duniya kuwa har yanzu wajen kashi ɗaya cikin huɗu ne kawai aka zana taswirarsa da kyau, ta hanyar aika sauti ƙasa a jira dawowarsa, sauti yana cin wajen mita 1,500 a daƙiƙa a ruwa.

Yara 'yan jami'a suna ta zuwa gida suna tambaya ta ina za su fara, har da mata biyu da suka fi mazan tambaya mai ma'ana. Abin da nake ce musu ba sai ka ga teku ba. In fiziks ko lissafi ko kemistiri ko bayoloji ko injiniyanci ko kwamfuta kake yi ƙofa a buɗe take, ka riƙe lissafi, ka koyi rubuta manhaja, ka yi jarrabawar Turanci da wuri. Akwai na'urorin Argo kusan 4,000 suna yawo a tekunan duniya, kowace tana nutsewa mita 2,000 ta taso duk kwana 10 ta turo zafi da gishiri, kuma duk bayanan kyauta ne a intanet, daga Ɗorayi ko Rijiyar Zaki za ka iya sauke na Mashigin Tekun Gini ka yi furojet da su. Imel ɗin da ya ce na karanta takardarka kaza na gwada kaza ga zanen da na samu, ya fi shafi uku na gaisuwa da kirari. Iyo kuma a koya a wurin da akwai mai koyarwa, ban aiki kowa kududdufi ba, Hajiya tana ji.

Tambayar da ba na iya kaucewa ita ce in ka gama aikin me za ka yi. Najeriya tana da gaɓa kilomita 853, an ƙirƙiri ma'aikatar harkokin teku a 2023, sojan ruwa sun karɓi jirgin auna gindin teku NNS Lana a 2021, kamfanonin mai da na wayoyin ƙarƙashin ruwa suna neman masu irin wannan ilimin. Amma ni ba zan yi wa kowa alƙawarin kujera tana jiransa ba, kuma a ganina kuskure ne a bar fannin nan ga mutanen bakin ruwa kawai alhali mu ne abincinmu ya fi rataya a kan abin da teku ta ga dama, su ko an yi ƙarancin ruwa suna da damina mai tsawo, mu wata uku zuwa huɗu ce in ta kuskure shi kenan. Ni in Allah ya sa na gama so nake in dawo in koyar a nan in ci gaba da bin tambayata ta farko, ko da daga kan kwamfuta ne.

Kafin in koma dai na taho da wasu ƙananan ma'aunan zafi guda-guda da na saya da kuɗina, irin waɗanda ake ɗaurawa a igiya a bari a ruwa. So nake mu jera su daga sama zuwa ƙasa a Tiga, madatsar da aka gama a 1974 zamanin Audu Bako, mu ga ko ruwan ƙasa da na sama suna juyewa in hunturu ya shigo, don masunta sun ce akwai lokacin da kifi yake tasowa sama yana haki. Mun nemi izini, wani malami da ɗalibansa za su dinga ɗauko karatun. Ranar Asabar za mu je duba wurin, wanda ya ce zai biya min kuɗin mota shi zai tuƙa mu a motarsa, Kawu kuma ya ce in dai za mu to mu taho masa da karfasa manya, kuma kar mu kuskura mu yarda da farashin farko.